Teburin mai shayin da ake kallon taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Tudun Wada

Jama'a bari in ba ku labarin wani teburin mai shayi da ke nan Tudun Wada, ɗan nesa kaɗan da babban titi, don ni dai ya burge ni. Sati guda cur na yi ina zuwa lokacin da shugabannin duniya ke taronsu na shekara a New York, kuma abin da ya ja ni shi ne mutumin ya kafa talabijin da sola yana saka taron kai tsaye, a inda kowa ya san ƙwallo da fim kawai ake kallo.

Shayin tukuna. Kakkauri ne, yana jin citta da kanumfari, sai dai hannunsa na da nauyi wajen suga, in ba ka ce masa "Malam a rage" ba to ka shiga uku. Indomi da ƙwai ba laifi, biredin ma sabo ne kullum. Kuɗin daidai talaka.

Shi taron ƙarfe tara na safe ake buɗewa a can, mu nan biyu na rana kenan tunda awa biyar ce tsakaninmu a watan Satumba, to mai shayin da yamma yake fitowa saboda haka farkon yana wuce mu, amma yakan nemo a YouTube ya maimaita mana bayan Magariba. A nan na san cewa Brazil ce ke fara magana kusan kowace shekara, sai Amurka mai masaukin baƙi ta biyo, kuma minti 15 aka roƙi kowa ya yi amma ba mai bi. Wani dattijo tsohon malamin makaranta da ke zama a bencin gaba, kowa Baba yake ce masa, shi ya tuna mana Gaddafi a 2009 da ya shafe sama da awa ɗaya da rabi yana zuba har ya yage gefen kundin Majalisar a gaban kowa.

Wallahi Baban nan shi ne rabin wurin. Harsuna shida Majalisar ke aiki da su, Larabci, Turanci, Faransanci, Rashanci, Sinanci da Sifaniyanci, babu Hausa, to shi yake juya mana, kuma ba ya ƙara gishiri, in shugaba ya kewaye magana sai ya ce "wannan bai faɗi komai ba tukuna, ku jira". Wani ɗan acaɓa ya tambaye shi, "Baba, to duk surutun nan wa ke yanke hukunci?" Sai ya ajiye kofi ya yi bayani, ƙasashe 193 ne a babban zauren kowa da ƙuri'a ɗaya, amma ƙarfin yana Kwamitin Sulhu mai kujeru 15, biyar na dindindin, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, kuma ɗaya daga cikinsu in ta hau kujerar na-ƙi magana ta mutu ko da kowa ya yarda. Afirka da ƙasashe 54 ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya. Tun 2005 a matsayar Ezulwini da Tarayyar Afirka ta cimma muke neman kujeru biyu na dindindin, har yau shiru. Wurin ya yi tsit, don kowa a nan ya ga yadda aka yi ta toshe ƙudurin tsagaita wuta a Gaza, ga Sudan ana ta mutuwa, abin ya taɓa ni sosai har na kasa ƙarasa shayina.

Kuma ba wai ba mu da hannu a gidan ba ne, Najeriya ta shiga ranar 7 ga Oktoba 1960, Tafawa Ɓalewa da kansa ya je ya yi jawabi, Joseph Garba ya shugabanci zauren a 1989, Tijjani Muhammad-Bande a 2019, ga Amina Mohammed mataimakiyar babban sakatare tun 2017. Da Baba ya jero waɗannan sai ka ga samari sun gyara zama.

Abin da bai min ba, sifika ɗin tana ƙara kamar ana soya gyaɗa, in ka zauna a baya ba ka jin komai ga hayaƙin risho yana shiga ido. Benci biyu ne kawai, kuma babu inda mace za ta zauna ta saurara cikin mutunci, ƙanwata da ke karanta kimiyyar siyasa ta so zuwa dole ta haƙura, wannan ya dame ni. Ranar da aka yi ƙwallo ma sai da aka yi ta ja-in-ja kan rimot kafin mai shayin ya ce yau taro za a kalla, wanda bai so ba ga gidan kallo can gaba.

Na ce masa, "Malam don Allah kafin Satumba mai zuwa a sake sifika a ƙaro benci." Ya ce in Allah ya hore zai yi. In za ku je ku isa kafin Isha'i, bencin kusa da Baba da wuri yake cika.