Canon, Nikon ko Sony: wacce ta dace da mai hoton da ke aiki a karkara?

Mai hoto a Ringim ko Gaya ko ƙauyukan Birnin Kudu ba aiki ɗaya yake yi da mai situdiyo a cikin birnin Kano ba. Da safe hoton fasfo ne na 'yan makaranta, da la'asar walimar saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, da dare kuma kamu a tsakar gida da ƙwan sola ɗaya tak. In sallah ta zo, ga dawakai a guje cikin ƙura. Wuta ba kullum ba, mai gyara kuma sai an shiga mota. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kyamara, ba da yawan megafiksel ɗin da aka rubuta a kwali ba.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne bakin kyamara, wato wurin da ake ɗaura lensi. Kowane kamfani da irin bakinsa. Jikin kyamara yana tsufa a sake shi, amma lensi da filasha da batura suna nan shekara da shekaru, kuma su ne suke cinye kuɗin. Wanda ya fara da Canon ya tara lensi uku, ranar da ya ce zai koma Nikon sai ya karyar da kayansa gaba ɗaya.

Canon ta fito da bakin EF a 1987, kuma duk lensin EF yana ɗauke da injin saitinsa a cikinsa, wato injin da ke daidaita lensi don hoto ya fito tar. Amfanin wannan ga mai sayen kayan hannu babba ne: ka ɗauki kowane lensin Canon na EF ka ɗaura a 600D ko 700D ko 60D ko 5D Mark III, zai yi saiti da kansa, ba sai ka haddace wasu haruffa ba. Tarko ɗaya ne a nan. Lensin da aka rubuta masa EF-S an yi shi ne don ƙaramin sensa (sensa shi ne farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), ba ya shiga 6D ko 5D masu babban sensa. Dubi bakin kyamarar: jan ɗigo na EF ne, farin ɗigo mai kusurwa huɗu na EF-S. Wanda yake da burin hawa babban sensa nan gaba, kada ya zuba kuɗi da yawa a EF-S.

Ƙarfin Canon a yankinmu yawanta ne a hannun masu sana'a. Batir ya mutu ranar biki, akwai yiwuwar abokin sana'a a gari na gaba yana da LP-E8 ko LP-E6 da zai ara maka. Masu gyara a Kano sun saba da cikinta. A ra'ayina wannan kaɗai ya isa ya sa mai farawa ya karkata gare ta. 600D ta 2011 da 700D ta 2013 duk megafiksel 18 ne, allonsu yana juyawa, kuma sun ishi hoton da za a wanke a saka a firam. Rauninsu batir ne, wajen hoto 440 a caji ɗaya bisa ƙiyasin kamfani. 60D kuwa tana kaiwa wajen 1100 da LP-E6, jikinta ma ya fi ƙwari. Ga wanda cajinsa sai ya kai shagon mai cajin waya, wannan bambanci ya fi duk wani ƙyale-ƙyale muhimmanci.

A yi hattara da 2000D da 4000D. Sabuntarsu tana jan ido, amma an rage musu abubuwa. A yawancinsu an cire babban ƙarfen tsakiya na mazaunin filasha, wanda shi ne yake kunna filasha mai sauƙi irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560. Za ka ɗora filashar, ka danna, ta ƙi tashi, ka ɗauka ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Kafin ka biya, leƙa mazaunin: in ba ka ga babban ɗigon ƙarfe a tsakiya ba, sai filashar da aka yi musamman don Canon. 4000D ma bakinta na roba ne. Tsohuwar 700D mai lafiya ta fi su amfani ga mai aikin biki. Haka nan jerin EOS M, irin su M50: bakinsu daban ne, lensinsu kaɗan ne, kuma Canon ta daina faɗaɗa wannan layi.

Nikon kuwa bakinta na F ya samo asali tun 1959, kuma tsufan nan shi ne alherinta, shi ne kuma wahalarta. Lensi na zamani daban-daban duk suna shiga, amma shiga ba ita ce aiki ba. Jerin D3000 da D5000 gaba ɗaya, daga D3100 har D3500, daga D5100 har D5600, ba su da injin saiti a jikinsu. In ka ɗaura musu 50mm f/1.8D, wanda yake da araha a kasuwa, zai ɗauki hoto amma saitin sai da hannu. Wanda ya dace da su shi ne mai rubutun AF-S, kamar 50mm f/1.8G ko 35mm f/1.8G DX. Sannan ga AF-P, sabon salo, wanda shi kuma ba ya aiki da tsofaffin jikuna irin D90 da D3100 da D3200 da D5100. A kan waɗannan ko da hannu ba za ka iya saita shi ba. Masu hoto da yawa sun yi asara a wannan gaɓa, domin mai shago zai nuna maka lensin ya shiga ya kulle, kai kuma ka yi murna. Ka gwada saitin a gabansa, a kan abu na kusa da na nesa. In kuma tsohon lensi mai zobe ne, kyamara ta rubuta fEE, juya zoben zuwa lamba mafi girma, 22 ko 16, ka kulle shi.

Wanda ya iya karanta waɗannan haruffa, Nikon tana biyansa da alheri. Sensan D5300 da D7200 da D750 yana riƙe bayanan da ke cikin inuwa fiye da tsohon sensan Canon mai megafiksel 18. A aikinmu wannan yana da ma'ana kai tsaye. Ango da abokansa sun sha farar shadda, rana tana tsaka, hula ta yi wa fuska inuwa. Kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta yi duhu. In ka ƙara haske don fuska, aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. Da Nikon ɗin nan, in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba, a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda sensa yake jin haske), kana iya auna rigar, daga baya ka ɗaga fuskar a kwamfuta ba tare da hoton ya yi yashi-yashi ba. Da 600D hanyar da ta fi ita ce ka janyo su inuwar bishiya ko zaure, ko ka cike fuskar da filasha tun a wurin. D7100 da D7200 suna da ramin memori biyu, sai ka sa kowane hoto ya rubutu a kati biyu lokaci guda. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma katunan jabu sun cika kasuwa. D3500 ita ce gwarzuwar batir, wajen hoto 1550 a caji ɗaya, sai dai ita da D3400 an cire musu na'urar da ke karkaɗe ƙura daga sensa.

Sony ta bi wata hanya, ta cire madubin da ke cikin kyamara. Bakinta na E ya fito a 2010. A6000 ta 2014 ƙarama ce, marar nauyi, megafiksel 24, saitinta yana da sauri, tana tura hoto waya kai tsaye, kuma abin da ka gani a allo shi za ka samu. Batirinta NP-FW50 kuwa ba ya wuce hoto 360, don sensa da allo kullum a kunne suke. Yinin biki yana cin uku. Abin da yake rage zafin shi ne ana cajinta da wayar USB, ko daga fawa banki. A7 III ta 2018 ta magance wannan da babban batir NP-FZ100, tana kama idon mutum ta bi shi, tana gani a duhu fiye da duk waɗanda na ambata a ƙananan sensa. Amma kuɗinta da na lensinta ya yi wa mai cajin kuɗin ƙauye nauyi, sai in bidiyo ne rabin aikinsa. A Canon ma, mai son bidiyo ya nemi 70D ko 80D, su ne saitinsu yake bin mutum lafiya lau yana motsi.

Ƙura ita ce babbar jarrabawar Sony. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da ka cire lensi sensanta a buɗe yake yana kallon iska, babu madubi babu labule a gabansa. Masu madubi ma ƙura tana shigarsu, sai dai a hankali. Don ka gane ko ta hau, sa lensi a f/22, wato ka tsuke ƙofar haskensa sosai, ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗa hoton. Baƙaƙen ɗigon da suke zaune wuri ɗaya a kowane hoto, ƙurar sensa ce. Maganinta famfon iska na roba, kyamara a kife bakinta yana kallon ƙasa. Kada a hura da baki, yawu yana barin tabon da ya fi ƙurar wuyar fita. Kada a goge da gefen riga ko auduga. Sauya lensi kuma a yi shi cikin ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe. A filin hawa a Kazaure ko Gumel ko Haɗeja, lensin da ka fito da shi daga gida shi za ka koma da shi.

Batun lensi, 18-55 ɗin da yake zuwa da kyamara ba abin rainawa ba ne da rana. Hoton taro a f/8 yana fita tsaf. Da magariba yake gazawa, saboda in ka janyo shi zuwa 55 ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/5.6. Kowa yana ba da shawarar 50mm f/1.8, kuma gaskiya yana fitar da fuska ya narkar da baya. Amma a ƙaramin sensa ana ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon da Sony. Ke nan 50 ta koma kamar 80 ko 75. A ɗakin amarya mai faɗin mita uku, ga gado ga jere, bayanka zai daki bango ba ka samu mutum uku a hoto ba. Mai Nikon ya ɗauki 35mm f/1.8G DX. Mai Canon ya ɗauki EF-S 24mm f/2.8 STM don ɗaki, ya bar 50 ɗin don waje, kuma ya zaɓi STM mai bakin ƙarfe a kan tsohon mai lamba II mai bakin roba. In lensi ɗaya tak za a saya don biki, 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron ya fi komai rufin asiri, ana samunsa a bakin Canon da na Nikon.

Ga dawakai da dambe, a Canon 55-250 IS STM ya fi 75-300 nesa ba kusa ba, duk da na biyun ya fi tsawo a lamba. 75-300 ɗin da aka fi samu a kasuwa ba shi da mai hana rawar hannu, kuma a ƙarshensa hoton yana laushi. Sa gudun shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a 1/1000, saiti kuma a mai bin abu yana motsi: AI Servo in Canon ce, AF-C in Nikon ce ko Sony.

Da dare, filasha mai kai mai juyawa ta fi sabon jiki amfani. Fara da ISO 800, f/4, shota 1/125, ƙarfin filasha 1/8, ka gyara daga nan. Kada shota ya wuce 1/200 a waɗannan ƙananan jikunan, ko 1/160 a A6000, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton. Cikin ɗaki mai farin silin ka harba sama, hasken ya sauko da laushi. A tsakar gida babu abin da zai dawo da shi, sai kai tsaye da farin kati ko ɗan mayafi a gaba. Mai sayen filashar Godox TT685 ya dubi harafin ƙarshe: C na Canon, N na Nikon, S na Sony.

Sababbin bakunan RF na Canon da Z na Nikon, na kyamarorinsu marasa madubi, duk a 2018 suka fito, kuma can kamfanonin suka mai da hankali. Wannan bai kashe tsofaffin lensi ba. EF da EF-S suna aiki sosai a jikin RF da adaftar Canon, AF-S ma yana aiki a Z da adaftar FTZ. Tsofaffin lensin Nikon marasa injin saiti a cikinsu, irin 50mm f/1.8D, su ne suke rasa saitinsu a can.

Wajen sayen ta hannu, je da katin memorinka. Nemi adadin hoton da shota ya ɗauka: Nikon tana rubuta shi cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa galibi sai an jona ta da kwamfuta. An ƙiyasta wa D7100 da 5D Mark III hoto 150,000, don haka wadda ta yi kusa da nan a rage mata kuɗi sosai. Haska tocilan ta cikin lensi. 'Yar ƙura ba komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce ta danshi, tana cin rufin gilashin, a bar shi. Juya zum daga farko zuwa ƙarshe kana ɗaukar hoto a kowane mataki. In Canon ta rubuta Err 01, goge ƙarafan zinaren da ke bayan lensi da busasshen ƙyalle mai tsabta ka sake gwadawa. In ta sake rubutawa a wani tsawon kawai, siririyar wayar da ke cikin lensin ce ta fara tsinkewa, kuma wannan aikin mai gyara ne, sai a cire kuɗinsa daga ciniki tun kafin a ce an sallama.