Taƙaitaccen tseren Formula 1 a YouTube: abin da yake nunawa da abin da yake tsallakewa

A Ringim ko ƙauyukan Gumel, da wuya mai gidan kallo ya bar ƙwallon Ingila ranar Lahadi ya saka tseren motoci. Abin da ya rage wa mai sha'awa shi ne shafin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, na YouTube, inda ake ɗora taƙaitaccen bidiyon kowane tsere 'yan sa'o'i bayan an tashi. Kyauta ne, data kawai yake ci, kuma bai cika kai minti goma ba.

Tseren Turai yawanci ƙarfe biyu na rana agogonmu ake fara shi, saboda haka zuwa dare bidiyon ya fito. Ba kowane mako ba ne: tsere 24 aka yi a 2024, daga Maris zuwa Disamba, da hutu a Agusta.

Inda sabis ba shi da ƙarfi, wayar da kanta take rage hasken hoto zuwa 144p ko 240p. A nan ne ake asara, domin jerin sunayen direbobi da ke gefen hagu, wanda yake nuna waye a gaba da tazarar daƙiƙa nawa, ba ya karantuwa. A danna alamar saiti a zaɓi 480p da hannu, a dakatar da bidiyon ya ɗan taru kafin a kunna. Datar dare ta fi sauƙi ga wannan.

Wajen nuna haɗari masu haɗa bidiyon babu laifinsu. Suna maimaita shi daga kyamarar da ke kan motar da kuma ta gefen hanya, har ka gane wanda ya makara wajen taka birki. A nemo na Romain Grosjean a Bahrain, 2020, inda motar ta rabe biyu ta kama wuta ya fito da ƙafarsa, da na Zhou Guanyu a Ingila, 2022, da motar ta kife ta yi ta jan ƙasa. Ƙarfen nan da aka kewaye kan direba da shi tun 2018 ne ya kare su duka biyun.

Raunin bidiyon shi ne taya, alhali a kan taya ake cin yawancin tsere. Taya mai jan zobe a gefenta ita ce mai laushi, tana gudu amma tana saurin cinyewa; mai rawaya tsaka-tsaki; mai fari ta fi daɗewa. Kore da shuɗi na ruwan sama ne. Idan hanya a bushe take, dole direba ya yi amfani da iri biyu, wato sai ya tsaya an canza masa taya. Canjin kansa daƙiƙa biyu zuwa uku ne, amma shiga wurin canjin da fita suna cin kusan ashirin. Idan aka yi haɗari motar tsaro ta fito kowa ya rage gudu, wanda ya shiga canji a lokacin ya yi arha. Haka Max Verstappen ya samu sabuwar taya mai laushi a Abu Dhabi a 2021, ya wuce Lewis Hamilton mai tsohuwar taya a zagayen ƙarshe. Taƙaitaccen bidiyo yakan yanke irin wannan lissafin, sai kawai ka ga na huɗu ya koma na ɗaya. Duk lokacin da aka nuno mota, a lura da launin zoben tayarta.

Sharhin da Turanci ne mai sauri, babu Hausa. Teburin ƙarshe kuwa lambobi ne da kowa zai gane: na ɗaya maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai 1.