Injin ban ruwa na sola: abin da na gani bayan rani biyu a fadamar Wudil

Tambayar ta ishe ni. A masallaci, a kara ranar Juma'a, har da masu tsayar da babur a bakin lambu su leƙo: "Malam, wannan abin naka yana yi kuwa, ko kuɗi ka zubar?" Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya ƙara tambaya in tura masa.

Lambuna eka ɗaya da rabi ne a gefen kogi, gabas da Wudil. Albasa nake yi da tumatir da attaruhu, wani ranin in ƙara ɗan alkama saboda gida. Shekara goma sha ɗaya ina ban ruwa da injin fetur mai inci uku, kuma ban taɓa tunanin rabuwa da shi ba sai da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Lita tana ƙasa da naira 200, kafin mako ya zagayo ta haura 500. Injina yana shan wajen lita 6 duk ranar ban ruwa, sau uku a mako, mako ashirin ko fiye. Na yi lissafi a bayan kwalin taki, na ga idan na shiga rani haka, mai gidan mai da 'yan bumburutu zan yi wa noma.

A watan Nuwamba na wannan shekarar na kai sa ɗaya kara, na haɗa da ragowar kuɗin albasa, na shiga Kano na sayo injin sola a wani shago. Naira 780,000 na biya: injin mai inci biyu, fanel huɗu masu wat 400 kowanne, akwatin kwantirola mai daidaita wutar da ke shiga injin, waya, da ƙarfen da ake jingina fanel ɗin. Babu batir, kuma haka ya fi, don batir shi ne abin da ke fara mutuwa. Tiyo da bututu nawa ne na da.

Ranar farko ba zan manta ba. Muka haɗa komai da ƙanena, muka ɗura wa injin ruwa, muka danna. Shiru. Sai wani ɗan zuuu kamar na fanka, can sai tiyo ya motsa, ruwa ya fito ya kama hanyar fangali. Ƙanena ya ce, "Yaya, anya yana aiki? Ban ji komai ba." Kunnenmu ya saba da ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Yanzu ina ban ruwa ina jin rediyo, ina jin kiran azahar daga cikin gari. Babu jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, babu wanke kafireto, babu canjin fulogi da baƙin mai, babu jarka a bayan babur tana zuba a rigar mutum.

Wajen kuɗi ba ni da ƙorafi. Rani na biyu lita ta haura naira 1,000, na ga maƙwabta masu injin fetur suna rage fangali, wasu suna barin rabin gona. Idan na haɗa man da zan saya a rani biyun nan da kuɗin makaniki, injin ya kusa mayar da kuɗinsa. Wannan ita ce amsar masu tambaya, kuma da iyakarta ke nan da na tsaya.

To amma shi ba ya aiki da lokacinka, da lokacin rana yake aiki. Wajen ƙarfe tara yake fara tsiyaya, daga goma da rabi zuwa uku yake ba da ruwa sosai, bayan la'asar sai ya dinga ja da baya har ya tsaya. Abin da injin fetur ke gamawa a awa biyar, wannan sai ya ci yini, wani lokacin sai an ƙarasa washegari. Mu kuwa mun tashi mun tarar ana ban ruwa da sassafe ko da yamma, lokacin da ƙasa ta yi sanyi. Yanzu dole da tsakar rana, lokacin da rana ke shanye rabon ta. Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya min: ruwan da ya kwanta a cikin baƙin tiyo yakan yi zafi kamar na shayi. Na ƙona dashen attaruhu fangali biyu kafin in gane. Yanzu sai na zubar da na farkon a gefe tukuna.

Mai shagon ya rantse min cewa ko da hadari injin zai yi. Ban gwada shi da damina ba, amma hazo ya ƙaryata shi. A Disamba da Janairu, ranar da hazo ya sauka sosai, ruwan bai fi rabi ba. Ƙura kuma kullum sai ka goge, da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, tun da safe kafin gilashin ya ɗau zafi. Ka bar shi kwana uku ka ga bambanci a bakin tiyo. Sannan ɓarayi. Ba a barin fanel ya kwana a fadama. Kullum da magariba mukan kwance su mu ɗora a kura, mu shimfiɗa tsohuwar katifa a tsakani, yara su tura gida, da safe a dawo da su. Ɗaya ya tsage a kusurwa da kurar ta faɗa rami, yana aiki dai har yanzu. Wanda lambunsa ke nesa da gida ya sa wannan wahalar a lissafinsa.

A Fabrairun rani na biyu kwantirola ta ƙone. Na kira mai shagon, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, kaya na hanya." Kaya na hanya har mako uku, albasa tana tsakiyar yin kai. Allah ya so ni ban sayar da tsohon injin ba, duk da uwargida ta so a sayar a yi wa yara ɗinkin salla. Shi ya cece ni. Duk mai shirin saye ya riƙe tsohonsa, kuma kafin ya biya ya ce a nuna masa kwantirola ta canji a kan kanta, ya gani da idonsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa bai shafi ingancin injin ba. Ranin farko mu biyu ne masu sola a ɓangarenmu. Rani na biyu na ƙirga goma sha ɗaya. Da, mutum yana ban ruwa idonsa na kan jarka, fangali na cika zai ruga ya kashe, don kowane minti kuɗi ne. Tsadar mai ita ce linzaminmu, ba mu sani ba. Yanzu da rana ke biya, sai mutum ya kunna ya tafi kasuwa. Na ga ruwa ya cika gona ya fasa kunya ya kwanta a hanyar shanu, mai gonar yana can yana shan fura. Ni ma ba zan wanke kaina ba: filin da na saba bari ya huta, rani na biyu na dasa shi tumatir, saboda na ga ruwan banza ne.

Farkon Maris sai injin ya fara shan iska. Ruwa ya fito, ya yanke, tiyo ya yi tari, kumfa ta biyo. Na ɗauka injin ne, na kwance na duba, lafiya lau. Rijiyar ce ta yi ƙasa. Irin wannan injin da ke zaune a bisa ƙasa, na fetur ne ko na sola, ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce ƙafa 25 ko kusa da haka, ko nawa ka saye shi. Muka yi abin da ake yi: muka haƙa rami ƙafa shida a gindin bututun, muka yanke shi, muka sauke injin ciki. Da rijiyata takan yi haka ne ƙarshen Afrilu, a shekarar da damina ta yi gardama. Wannan karon damina ta yi kyau, amma tun Maris mutum biyar a layinmu suna cikin rami da shebur.

Kawuna, ƙanin mahaifina, ya zo ya tsaya a bakin ramin yana dogara sanda. Ya ce, "Kai yaro, kabari kake haƙa wa injin?" Na ce, "Kawu, ruwa ne ya gudu." Ya ce, "Ina zai tsaya? Kakanku da jigo ɗaya ya riƙe fadamar nan. Guga ɗaya, guga ɗaya, kafin hantsi hannunsa ya gaji ya bari. Ku naku ba ya gajiya."

Na zauna na ƙirga bayan ya tafi. Fadamar kakan namu an raba ta gado sau biyu, yanzu mu ashirin da uku ne a kanta, da rijiyar bututu tara. Kowa da iyalinsa, kowa da haƙƙinsa, ba wanda za a ce wa ya bari. Haka abin yake ko'ina: ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, tun daga nan kuma ba a sake ƙidaya ba, haihuwa dai ba ta tsaya jira ba. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama kuma ambaliyar kogi ce ke cika shi, da ruwan sama. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin ba ya malala irin ta da, in ji dattawa, sai shekarar da ruwa ya yi yawa ya zo ya yi ɓarna. Rijiyar bututu da ƙaramin inji sun yaɗu ne ta hannun KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, da shirin Fadama na Bankin Duniya, kuma sun fitar da gidaje da yawa daga yunwa, namu na ciki. Ga masu tifa suna kwashe yashin kogi ana gina Kano da shi, gindin kogin na ƙara zurfi. Ba zan ɗora wa sola laifin duk wannan ba, ya zo ne ya tarar da randa ta yi ƙasa, ya ƙara girman moɗa.

Mun kai maganar wurin sarkin noma. An yi zama biyu a ƙofar dagaci, aka amince kada wanda ya bar inji a kunne ba kowa a wurin, kuma masu rijiya kusa da juna su raba kwanaki daga Maris. Wasu na bi, wasu sai an yi musu magana. Ni abin da na yi shi ne na ƙanƙanta fangali, na daidaita ƙasa don ruwa ya bazu da wuri, na shimfiɗa buntun shinkafa da karmami a gindin attaruhu. Ban ruwa ya koma sau biyu a mako a wannan ɓangaren, attaruhun bai nuna ya ji ba.

Wanda gonarsa ba ta wuce eka biyu ba, ruwansa na kusa, gidansa na kusa, kuma yana da haƙurin zama da inji yini guda, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Mai eka biyar ko mai noman shinkafar rani, wannan ƙaramin ba zai riƙe shi ba. Mai rijiyar da ta saba shan iska kada ya sayi irin nawa, ya nemi wanda ake zurawa cikin rijiya, sai dai shi yana son bututu mai faɗi, ke nan sabon haƙa.

Ni ma can na nufa. Mai haƙa ya zo ya duba makon jiya, ya ce ƙafa 60 zai kai min da bututu inci huɗu. Maƙwabcina na yamma, wanda rijiyarsa ba ta fi taku arba'in da tawa ba, yana tsaye yana jin mu, bai ce komai ba. Da daddare ya aiko ɗansa ya karɓi lambar mai haƙan.