Shagon turi na Kiristoci a ƙasar Sumaila: me yake zuba wa mutane a memori?

Sana'ar tura waƙoƙi da finafinai a waya ta shiga kusan kowace kasuwar ƙauye a Kano da Jigawa, amma kaɗan ne daga cikin shagunan suke ajiye abin da Kirista Bahaushe yake nema. Wanda zan yi magana a kansa yana wani gari a ƙaramar hukumar Sumaila, daura da layin masu gyaran babur, kuma wani matashi ɗan ƙungiyar mawaƙan majami'a ne yake riƙe da shi. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da faifan sola a samansa, da kwamfuta, da allon cajin waya, da 'yar kanta wadda aka jera wa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Yawancin masu zuwa manoma ne daga ƙauyukan kewaye, zuriyar Maguzawan da suka karɓi bishara tun daga zamanin da ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) take aikin jinyar kutare a ƙasar Kano, kafin ikilisiyoyinta su zama ECWA a 1954, sai kuma 'yan Angilikan da 'yan Katolika waɗanda su ma suke da majami'u a yankin.

Abin da ya fi komai daraja a shagon shi ne Littafi Mai Tsarki na saurare. Mai shagon ya raba shi littafi-littafi, ya rubuta sunan kowanne da Hausa, ta yadda ko a ƙaramar waya mai madanni mutum zai iya gano Farawa ko Zabura ko Romawa ba tare da ya yi ta lalube ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne idan aka tuna cewa a sauran shaguna lambobi kawai ake gani, mutum ya danna wa'azi waƙar biki ta fito. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller, ɗan mishan na Zariya, ya ba da shekaru masu yawa a kansa, amma har yau akwai tsofaffi da mata da dama a ƙauyukanmu waɗanda ba su iya karatun boko ba, kuma a wurinsu wannan memori shi ne karo na farko da za su ji littafin Ishaya daga farko har ƙarshe ba tare da jiran ranar Lahadi ba. Muryar mai karatun a fili take, ba a cika ta da kiɗa ba. Akwai kuma fim ɗin rayuwar Yesu na 1979 wanda aka gina a kan Bisharar Luka, da muryoyin Hausa, da waƙoƙin Zumuntar Mata da na 'yan Sabon Rai waɗanda aka ɗauka a tarurruka, wasu da ƙarar iska da kukan yara a ciki, amma duk da haka suna da daɗin ji.

Matsalar tana farawa ne idan mutum ya miƙa memorinsa ya ce a cika masa, bai faɗi abin da yake so ba. A nan mai shagon yakan zuba abin da ya ga an fi tambaya, kuma abin da aka fi tambaya shi ne bidiyon mutanen da suke cewa sun mutu sun je gidan wuta sun dawo, da finafinan mayu da matsafa da aka yi a kudu aka ɗora musu fassarar Hausa. Na saurari da yawa daga cikin waɗannan shaidu, kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi: mai magana ya ga mata suna ƙonewa saboda ɗan kunne ko ƙarin gashi, ya ga wani fasto a cikin wuta saboda kuɗin baikon da ake tarawa a majami'a, sa'an nan aka ce masa ya koma ya gargaɗi duniya. Ba na musun cewa akwai hukunci, domin ikilisiya tun farkonta tana shaida tashin matattu da shari'ar ƙarshe. Abin da nake musu shi ne a ba wa irin wannan labari matsayin da Littafin bai ba shi ba. A Luka sura 16, lokacin da mai arziki ya roƙi Ibrahim ya aiki Li'azaru ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, an amsa masa cewa suna da Musa da annabawa, kuma wanda bai saurare su ba ko wani ya tashi daga matattu ba zai rinjaye shi ba. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura 12, ya ambaci mutumin da aka ɗauka zuwa sama ta uku, ya ce ya ji abubuwan da ba a yarda ɗan adam ya faɗa ba. Shi ya kame bakinsa, su kuwa masu bidiyon nan suna kwashe sa'a biyu suna lissafa ɗakunan wuta. Matar da ta binne ɗanta a makon jiya ta fi bukatar 1 Tasalonikawa sura 4 da 1 Korintiyawa sura 15, inda aka yi maganar bege da jikin da za a tashe shi marar ruɓa, kuma duka biyun suna cikin memorin, sai dai an danne su da tarin abin tsoro.

Finafinan kuwa suna da wata illa wadda ban ji ana maganarta ba, ita ce abin da suke koya wa mutane game da itatuwa. A kusan kowannensu, babbar bishiya ita ce majalisar mayu, kuma nasarar mai addu'a ba ta cika sai an ga gatari ko wuta a gindinta. Wannan hoto ya faɗo a ƙasar da dama can kakanni suke cewa tsamiya da kuka mazaunin iskoki ne, saboda haka matashin da ya girma yana kallon irin wannan fim ba ya jin wani nauyi idan mai gawayi ya taya tsohuwar tsamiyar gonarsu. Yana iya ɗauka ma cewa ya raba gidansu da wani abu. Duk wanda yake bin hanyoyin da suka nufi dajin Falgore, wanda ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, ya san yawan buhunan gawayi da lodin itacen da ake fitarwa zuwa birni. Kirya ta yi wuya saboda ingancin gawayinta, ɗorawa da kaɗanya waɗanda mata suke samun daddawa da man kaɗe daga gare su suna raguwa, har gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana ya kuma ƙara wa ƙasa taki, bai tsira ba. Talauci da tsadar gas da kananzir ne manyan dalilai, ba fim ba, kuma ba zan ɗora wa ɗan shago ɗaya laifin daji guda ba. Amma abin da mutum yake kallo kowane dare yana da hannu wajen abin da zuciyarsa take ɗauka da sauƙi.

Na tambayi mai shagon ko yana da wa'azi ko koyarwa a kan kula da ƙasa da itatuwa, ya bincika kwamfutarsa da gaske, bai samu ko ɗaya ba. Ya ce ba a taɓa tambayarsa ba, kuma wasu suna ganin tunda duniya za ta ƙone a ƙarshe, babu amfanin wahala a kanta. Wannan fahimta daga 2 Bitrus sura 3 take fitowa, kuma gaskiya ne masana Littafin sun rabu a kan ko wutar da aka ambata ta hallakarwa ce ko ta tacewa. Amma surar nan ita ce kuma ta yi alkawarin sabuwar sama da sabuwar ƙasa, kamar yadda Wahayin Yahaya sura 21 ya nuna birni mai tsarki yana saukowa wurin mutane, sura 22 kuma ta nuna kogi da itacen rai mai ba da 'ya'ya kowane wata. Farawa 2:15 ta ce an sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Littafin Firistoci sura 25 ya ba ƙasa hutu a kowace shekara ta bakwai, Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, Romawa sura 8 kuma ta ce halitta kanta tana nishi tana jiran 'yanci. Manyan ikilisiyoyi ma ba su yi shiru ba: taron ƙungiyar masu bishara ta duniya da ake kira Lausanne, wanda aka yi a Cape Town a 2010, ya ɗauki kula da halitta a matsayin batun bishara, Fafaroma Francis kuma ya fitar da wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015 a kan wannan magana. Ban da ayoyin kansu, babu ko ɗaya daga cikin wannan koyarwa da ya iso shagon da Hausa, kuma a nan fastoci da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki suke da aiki, domin mai turi ba ya tura abin da ba a ɗauka ba.

Akwai abubuwan da suke hannun mai shagon kai tsaye. A bayan ɗakin akwai matattun batura na waya da na sola a zube tare da ledoji, a wurin da yara suke wasa kuma awaki suke kiwo, alhali manyan baturan suna ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙuna, kuma masu sayen tsofaffin ƙarafa suna karɓarsu da kuɗi. Mawaƙan da ake tura waƙoƙinsu kuma ba sa samun ko kwabo, abin da ya zama ruwan dare a wannan sana'a, amma ya fi nauyi a shagon da yake sayar da littafin da ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. A gefe guda, ya kamata a yaba masa a kan cewa ba ya ajiye finafinan batsa, yana tambayar shekarun yaro kafin ya tura masa fim, kuma maƙwabtansa Musulmi suna kawo cajin waya suna zama a bencinsa ba tare da wata tsangwama ba. Farashinsa daidai yake da na sauran masu turi a kasuwar, cajinsa kuma ba ya yankewa sai in hadari ya rufe rana kwana biyu.

Wanda zai je, gara ya kauce wa ranar kasuwa, domin a ranar layi yana da tsawo kuma mai shagon ba ya samun sukunin zaɓa wa kowa abin da ya dace da shi. Ya faɗi abin da yake so da sunansa, ya ce a fara da Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi kafin a zo kan finafinai. Memorin da ake sayarwa a shagon ba duka ne masu kyau ba, kamar yadda yake a ko'ina: akwai na jabu da aka rubuta wa giga 16 alhali ba ya ɗaukar rabin haka, kuma irinsa yakan nuna sunayen abubuwan da aka tura amma na ƙarshen su ƙi buɗewa. Saboda haka kafin mutum ya biya, ya sa memorin a wayarsa ya buɗe abin da aka tura daga ƙarshe, sa'an nan ya buɗe Zabura 119, wadda ita ce sura mafi tsawo da ayoyi 176, ya matsa zuwa kusa da ƙarshenta ya ji ko muryar tana nan. Mai shagon yana canza memorin da ya ƙi aiki idan aka dawo da shi a cikin makon.