Ƙofar ƙarfe ta masu walda ko ta waje: wacce ta dace da sito a ƙauye?

Daga Gujungu zuwa Maigatari, duk wanda ya tara riɗi, zoɓo ko wake a sito yana jiran farashi ya tashi, dukiyarsa tana bayan ƙofa guda ce. Ƙyauren katako gara na cinye shi, na langa-langa kuwa yaro ma zai iya banƙare shi. Zaɓi biyu ya rage: ƙofar da ake shigowa da ita daga China ko Turkiyya, da wadda masu walda ke haɗawa a nan gida da ƙarfen da ake sarowa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ga sito da shago da ɗakin magani a karkara, ta masu walda ce ta fi, amma da sharaɗin mai saye ya san abin da zai nema.

Ta waje tana da kyan gani, makullinta kuma yana cusa sakata wurare da yawa a lokaci guda. Sai dai masu arahar cikinsu fallen ƙarfensu bai kai milimita 1 ba, cikinsu kuma kwali ne. Rana da ruwan sama na ɓata fentinsu da wuri, kuma ranar da makullin ya maƙale, da wuya a sami mai gyaransa sai an nemo shi daga birni. Ta dace da ɗakin kwana ko ofis mai rumfa, ba bakin sito ba.

A ta masu walda, abu na farko shi ne kaurin falle. Na fuskar waje kada ya gaza milimita 2. A nan ake yawan cutar mutane, domin da ido ba a bambance 2 da 1.5, balle an shafa fenti. Sikelin kasuwa yana raba gardama: falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, in milimita 2 ne, nauyinsa kusan kilo 47 ne. In ya tsaya wajen kilo 35, to 1.5 ne, in kuwa 23 ne, milimita 1 aka ba ka. A auna kafin a yanka. Fuskar ciki 1.2 ta isa. Tsakaninsu a jera bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 40, a gicciya shi duk bayan santimita 40 zuwa 50, don kada falle ya lotsa in an doke shi. Ƙofa mai ƙafa 3 da ƙafa 7 da aka yi haka tana kai wajen kilo 70, saboda haka hinji biyu ba su ɗaukarta. A sa uku manya, a yi musu walda a zagaye, ba ɗigo-ɗigo ba. Waldar ɗigo ita ce ke sa ƙofa ta sunkuya ta fara goge ƙasa.

Inda aikin yawancin masu walda ke da rauni shi ne firam da kafa shi, kuma nan ne ɓarawo ke nema. Ba ya wahalar da kansa da fallen, sai ya cusa rodi tsakanin firam da bango ya ɓanɓaro ƙofar gaba ɗaya. Firam na ƙarfe mai kusurwa, milimita 50 da kauri 5, shi ne daidai. Kowane gefe a manna masa ƙafafu huɗu na rodi mai milimita 12, tsawon kamar santimita 25, a lanƙwasa bakinsu. Ramukan bulon da ke gefen ƙofa a cika su da kankare, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa, a bar shi mako guda kafin a fara buɗewa da rufewa. In ginin ƙasa ne, wajibi ne a tayar da ginshiƙin kankare hagu da dama da linta a sama, domin ƙasa ba ta riƙe wannan nauyi, damina ɗaya za ta saki. Ƙari mai arha da ya kamata kowa ya nema: gajerun rodi biyu na milimita 16 a gefen hinji, waɗanda ke shiga rami a firam idan an rufe. Ko an yanke hinjin daga waje, ƙofar ba za ta fita ba.

Kwaɗo a fili kuwa asara ce, komai tsadarsa. A yi masa akwati da ƙarfe mai milimita 3, buɗe ta ƙasa kawai, yadda hannu zai shiga amma guduma da zarto ba za su same shi ba.

Babban aibin wannan ƙofa tsatsa ce, kuma daga ƙasa take farawa. A yankin Haɗeja da Auyo, inda ruwa ke kwanciya da damina, a ɗaga dokin ƙofa aƙalla santimita 15, a huda ƙananan ramuka a bututun ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita. A kankare dattin walda, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu har ƙarƙashin ƙofar, sannan fentin mai. Da yawa suna tsallake jan fentin don mai saye ba ya gani. Ratar ƙasa kada ta wuce milimita 5, domin ƙaramin ɓera na kutsawa ta inda bai fi kaurin fensir ba.

Ba kowane gini ke son ƙofa rufe ruf ba. Ɗakin batirin sola na asibiti ko na rijiyar burtsatse yana buƙatar tagar iska a sama da ƙasa, da rodi da raga, saboda batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji. Masallaci da makaranta kuwa, ƙofarsu ta buɗe ta waje, kuma a iya zare sakatarta daga ciki ba tare da mabuɗi ba. Kada kuma mai walda ya ce maka ƙofarsa tana tare gobara. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma yana ɗaukar zafi ya kai shi ɗaya ɓangaren, har buhunan da aka jingina da ita su kama.

Da hunturu ƙura na cika makulli. Kada a ɗura masa baƙin mai, yana haɗuwa da ƙura ya daskare. A goga bakin fensir a jikin mabuɗi, a shigar a fitar sau da yawa. Hinji shi ne mai son giris, sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.