Zauren tunawa da sojoji: arha ga faɗi, amma a zo da rigar sanyi

A ƙauyukan Niyu Zilan da wuya ka wuce gari ba ka ga wani zaure mai rufin kwano da rubutun tunawa da yaƙi a goshinsa ba. Na garinmu, a yankin Southland inda nake aikin yankan halal a mahauta, shi muka kama haya don walimar sunan ɗiyata. Musulmin nan ba mu da yawa, amma da iyalai suka taru daga garuruwan kewaye, falon gidana ba zai ɗauke mu ba.

Kuɗin haya bai taka kara ya karya ba. Akwai kuɗin ajiya da ake mayar maka in ka bar wurin tsaf. Ba ofis, ba ma'aikaci: wata dattijuwa 'yar kwamiti ce ta miƙo mini makulli a ƙofar gidanta, ta ce in na gama in jefa shi a akwatin wasiƙunta. Kujeru da tebura masu naɗewa suna jere a sito, kai za ka fito da su, kai za ka mayar, kai za ka share. Daɓen katako ne da aka yi don rawa, sai ga shi ya yi daidai da shimfiɗa dardumar salla. (A nan yamma muke fuskanta, abin da har yau baƙi daga gida ke yi wa gardama.) Kicin ɗin ma ya wadatar, da murhu da babbar tukunyar lantarki ta ruwan shayi. Tukwanenmu dai muka zo da su, don ba mu san abin da aka dafa a nasu ba.

Arhar nan tana da asali. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar ta rasa mutum wajen 18,000, alhali al'ummarta kaɗan ta haura miliyan ɗaya. Lokacin ginshiƙan dutse da gumakan soja aka kafa a tsakiyar garuruwa. Bayan na biyu, wanda ya ci kusan 12,000, gwamnatin jam'iyyar Labour ta Firaminista Peter Fraser ta ce abin da rayayyu za su mora take so: duk fam ɗin da gari ya tara don gina zauren jama'a, ita ma za ta sa fam guda. Manoma suka yi ta karo-karo, aka gina fiye da 300. Shi ya sa ba a neman riba da su.

A bango akwai allon katako da sunayen waɗanda suka tafi, an yi wa mamatan alama. Sunan gida ɗaya na gani ya maimaitu a jere, kuma sunan ne dai a ƙofar wata gonar tumaki da nake wucewa kullum. Na hana yara jingina tabarmi a jikinsa.

Sai sanyi. Yuli a nan tsakiyar hunturu ne, hitocin kuma a can sama aka maƙala su, suna ɗumama rufi mu muna karkarwa a ƙasa. Shinkafa kan huce kafin ta iso bakin layi. Wurin alwala babu, sai kwamin wanke hannu, muka jiƙa ƙasan banɗaki muka yi ta gogewa.

Duk da haka zan sake kamawa. Wanda zai yi haya ya fara duba ƙofa: tun bayan girgizar ƙasa ta birnin Christchurch a 2011 aka tsananta binciken tsofaffin gine-gine, kuma wanda ƙarfinsa bai kai kashi 34 cikin 100 na ma'aunin sabon gini ba, ana liƙa masa takardar gargaɗi. Kada kuma a sa biki 25 ga Afrilu, ranar Anzac ce, ta tunawa da saukar sojojinsu a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, masu zauren suna buƙatar kayansu. A kunna hita tun da safe.