Wane ƙaramin laburaren JavaScript ya dace mai gina shafi ya ɗauka?

Duk wanda yake gina shafin intanet domin mutanen da suke sayen data da ƙyar, suke kuma buɗe shi a ƙaramar wayar Android a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, dole ne ya damu da nauyin kod ɗin da yake ɗora wa burauzarsu. Sai dai nauyi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Laburare na kyauta, wato tarin kod na harshen JavaScript da wasu suka riga suka rubuta domin kowa ya yi amfani da shi, ba ya cin kuɗi ranar da aka ɗauke shi, amma yana cin lokaci ranar da matsala ta ɓullo aka rasa mai gyara ta. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko mutum zai iya sauko da tushen laburaren, wato ainihin kod ɗinsa, daga GitHub, shafin da masu rubuta kod suke ajiye ayyukansu, ya haɗa shi, ya gudanar da gwaje-gwajensa a kwamfutarsa, ya kuma aika gyara a saurare shi.

jQuery, wanda John Resig ya fitar a 2006, shi ne babba a shekaru da kuma nauyi cikin waɗanda za mu duba, domin yana kai kimanin kilobait 30 bayan an matse shi. Yawancin abin da ya sa aka so shi a da, wato daidaita saɓanin da ke tsakanin burauzoji, yanzu burauzojin da kansu sun warware. Duk da haka yana ƙarƙashin kulawar gidauniyar OpenJS, ana gwada shi da QUnit, wato manhajar gwajin kod, kuma wanda yake aiki a kan WordPress, manhajar gina shafuka, zai tarar da shi a ciki tun farko. Ban ga dalilin fara sabon aiki da shi ba, ban kuma ga dalilin tumɓuke shi daga shafin da yake aiki lafiya ba.

Wanda ya saba da salon React, wani sanannen laburaren JavaScript, zai fi samun natsuwa da Preact na Jason Miller, wanda nauyin ainihin laburaren bai wuce kilobait 3 zuwa 4 ba, ko da yake yawanci sai an tanadi matakin haɗa kod, wato mayar da shi yadda burauza za ta iya gudanarwa, kafin a ji daɗinsa. Alpine.js na Caleb Porzio, wanda ya fito a 2019, ya fi dacewa da ƙananan abubuwa kamar buɗe jerin zaɓi ko ɓoye wani sashe, kuma a cikin HTML, harshen da ake tsara shafi da shi, ake rubuta umarninsa kai tsaye.

Wanda na fi karkata gare shi, idan sabar, wato kwamfutar da take aiko da shafin, ce take shirya shafukan, shi ne htmx. Carson Gross ya fitar da shi a 2020 a matsayin magajin intercooler.js, laburaren da ya yi a baya, kuma aikinsa shi ne ya bar maɓalli ko fom ya nemi guntun HTML daga sabar ya maye gurbin wani sashe na shafi ba tare da an sake loda shafin gaba ɗaya ba. Abin da ya bambanta shi ga mai son ba da gudummawa shi ne cewa tushensa fayil guda ne na JavaScript zalla, wanda burauza take iya gudanarwa yadda yake. Mutum zai iya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, ya gano inda kuskure yake, ya rubuta gwaji da manhajojin gwaji na Mocha da Chai, sannan ya aika gyaransa zuwa reshen kod ɗin da ake kira dev a GitHub. Ya kamata a sani cewa sigar 2.0 ta 2024 ta daina tallafa wa tsohuwar burauzar nan Internet Explorer.

Zepto kuwa gargaɗi ne ga mai duban kilobait kawai. An yi shi ne domin ya zama jQuery mara nauyi ga wayoyi, ya kuma samu karɓuwa, amma sigarsa ta ƙarshe, 1.2.0, tun 2016 ta fito.

Kafin a yanke shawara, a sauko da biyu daga cikinsu, a buga umarnin npm install, mai sauko da kayan aikin da ake buƙata, sannan npm test, mai gudanar da gwaje-gwaje, a ga ko gwaje-gwajen za su wuce ba tare da wahala ba. A leƙa ƙorafe-ƙorafen da aka shigar a watannin baya a ga ko masu kula da aikin suna amsawa, a kuma karanta lasisi da fayil ɗin CONTRIBUTING mai ɗauke da ƙa'idojin ba da gudummawa, domin jQuery, alal misali, ba ya karɓar gyara sai mai aikowa ya sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa ta OpenJS.